"Mil nawa zan yi mata?" Fashin baƙi kan awon antibayotik ga karnuka, kyanwoyi da shanun madara

Tambayar da ta fi kowace yawa a bakin masu dabbobi in dai an zo maganar antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, ita ce "mil nawa zan yi mata?" Mutum zai turo hoton kwalba, wani lokacin ma ba kwalbar ba, sunan maganin kawai, ya ce saniyarsa ta daina cin abinci ko karensa na gudawa, mil nawa? In ka tsaya kana tambayarsa nauyin dabbar nawa ne, me aka rubuta a jikin kwalbar, ka auna zafin jikinta kuwa, ana tatsarta ko tana da ciki, sai ya ga kamar ja masa rai kake yi ko rowar ilimi. Toh wallahi ba rowa bace. Tambayar ce ba ta da amsa a yadda aka yi ta, kamar mutum ya tare ka ya ce awa nawa ake yi a hanya, bai faɗa maka daga ina zuwa ina ba, kuma a ƙafa ne ko a mota.

Mil awon ruwan da ke cikin sirinji ne kawai, ba awon magani ba. Shi maganin da miligiram ake auna shi, kuma miligiram ɗin ma a kan kowane kilo na nauyin dabba. Ɗauki oksitetrasaiklin, wanda kusan duk mai shanu ya san shi. Akwai mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, akwai mai kashi 10, akwai mai kashi 20, kalarsu kusan ɗaya, kwalabensu kusan ɗaya, amma na farko miligiram 50 ne a kowane mil, na biyu 100, na uku 200. Kaga wanda ya zuƙi mil 10 daga mai kashi 5 da wanda ya zuƙi mil 10 daga mai kashi 20 duk za su ce maka "mil goma na yi mata", alhali ɗaya ya ba da ninki huɗu na ɗayan. Shi mai kashi 20 ɗin nan mai daɗewa a jiki awonsa da aka saba miligiram 20 ne a kowane kilo, wato mil 1 ga kilo 10. Saniya mai kilo 400 kenan miligiram 8,000 take buƙata, mil 40 cur. Nasan wani zai zaro ido ya ce arba'in? Eh arba'in, kuma ba a wuri ɗaya za a danna mata shi ba, rabawa ake yi wajen mil 10 a kowane gurbi a cikin tsokar wuya, saboda in ka tara shi wuri guda naman wurin zai lalace ya kumbura, maganin kuma ba zai shiga jini yadda ya kamata ba. Yanzu ka tuna sau nawa ka ga an yi wa ƙatuwar saniya mil 10 na wannan maganin an shafa bayanta an ce shikenan. Rubu'in awonta aka ba ta.

Shi kuma nauyin, nan ne ido ke yaudararmu. Ni kaina na taɓa tsayawa gaban wata saniya na ƙare mata kallo na yanke cewa ba za ta wuce kilo 250 ba, har na fara lissafi a kan haka, sai wanda muke tare ya ce bari dai mu sa tef. Muka zagaya tef ɗin a ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba ya ba mu santimita 170, muka auna tsawonta daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya ya ba mu 140. Lissafin da ake yi shi ne ka ninka awon ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da kimanin 10,840. Ya fito kilo 370 da ɗoriya. Da na bi idona da kashi ɗaya cikin uku na maganin ya tafi a iska, kuma da ban taɓa sani ba, da ta ƙi warkewa sai na ce maganin ne jabu. Tef ba sikeli ba ne, yana iya kuskure kaɗan musamman ga mai tsohon ciki ko ramammiya, amma ya fi ido nesa ba kusa ba. Kare da kyanwa kuwa abin ma da sauƙi, ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa da dabbar a hannu, ka cire.

Me yasa ake ta wannan ƙididdiga haka? Saboda kowace ƙwayar bakteriya tana da wani mizani na ƙarfin magani wanda in bai kai nan ba ko a jikinta. A ɗakin gwaji ana auna shi, mafi ƙarancin ƙarfin da zai hana ta hayayyafa, likitoci na taƙaita sunan da MIC. In maganin da ke jini da kuma wurin ciwon ya haura wannan mizani, aiki na tafiya. In ya tsaya ƙasa da shi, raunanan cikinsu ne za su mutu, masu taurin kan su rage, su samu fili babu kishiya su hayayyafa, gobe in ka dawo da maganin nan ko cikakken awo ka yi sai su yi maka dariya. Wannan ba sabon zance ba ne. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi a kan daidai wannan, cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai iya sayen maganin a kanti, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima ya koya wa ƙwayoyin cutar jure shi. Ko shekara biyar ba a yi da fara amfani da maganin sosai ba a lokacin.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Magungunan nan ba salon faɗansu ɗaya ba. Dangin fenisilin, irin su amoksisilin, da dangin sefaleksin, su abin da ya dame su shi ne tsawon lokacin da suka yi a sama da wancan mizanin. Ba sa buƙatar su yi tashin gwauron zabi, so suke su zauna daram. Shi yasa ake cewa sau biyu a rana, wani sau uku, kuma sau biyu a rana na nufin duk bayan awa 12, ba ka ba da ƙarfe takwas na safe ka sake ba da ƙarfe biyu na rana don za ka fita, sannan dabbar ta kwana ta wuni awa 18 babu komai a jininta. A irin wannan magani in ka haɗa na safe da na dare ka ba da lokaci ɗaya ba ka ƙara masa ƙarfi ba, ƙoda za ta tace shi ta fitar cikin 'yan awanni, ragowar ranar kuma ƙwayoyin cutar su sha iska. Su kuma irin su jentamaisin da enrofuloksasin akasin haka ne, bugu ɗaya mai nauyi suke so, iya yadda ƙarfinsu ya yi sama a jini iya yadda suke kisa, kuma ko bayan sun sauka ƙwayar cutar na daɗewa ba ta farfaɗo ba. Su sau ɗaya a rana ake ba da su, kuma ga jentamaisin wannan tazarar ce ma ke ba ƙoda damar hutawa, don shi maganin ƙoda yake ci, ballantana ga dabbar da ruwan jikinta ya ƙare saboda gudawa ko amai. Kaga wanda ya rarraba jentamaisin kaɗan-kaɗan sau uku wai don tausayi ya rage masa kaifi kuma ya ƙara wa ƙodar wahala, ba wan ba ƙanin.

Yanzu mu zo kan su wa ake ba wa. Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce, kare kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Amoksisilin mai haɗe da kilabulanet, wanda ake yawan rubuta wa karnuka da kyanwoyi don ciwon fata, rauni ko cizon faɗa, awonsa na farawa ne daga miligiram 12.5 a kowane kilo duk awa 12. Kare mai kilo 20 zai sha 250, mage mai kilo 4 za ta sha 50. Ƙwayar da ake ba babban mutum kuwa akwai mai 625. Wanda ya ɗauko ragowar nasa daga durowa ya tura wa mage guda ɗaya ya ba ta ninki goma sha biyu da rabi, in kuma ya ce zai ɓantara da farce toh Allah kaɗai ya san nawa ya ba da. Shi wannan ma yana da sauƙin hali, yawanci amai da gudawa zai sa. Enrofuloksasin ne ba ya yafiya ga mage. In aka wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana yana iya lalata bangon ido na ciki, mai karɓar haske, ta makance cikin 'yan kwanaki, kuma sau da yawa ganin ba ya dawowa. Yi lissafin da kanka: mage mai kilo 4 iyakarta miligiram 20. In kwalbar da ke hannunka mai kashi 10 ce, irin ta manyan dabbobi, miligiram 100 ne a mil ɗaya, wato rabonta mil 0.2, ɗigo kaɗan ne wanda babban sirinji ma ba zai iya nuna maka shi ba. Mai cewa "ɗan mil ɗaya kawai na yi mata" ya yi ninki biyar. Ga 'yan kwikwiyo masu tasowa kuma dangin maganin nan na taɓa guringuntsin gaɓoɓi, shi yasa ake kauce masa har sai sun gama girma, manyan jinsi ma sun fi daɗewa.

Doksisaiklin shi ne gwanin cututtukan da kaska ke sa wa karnuka, irin Ehrlichia, miligiram 10 a kowane kilo a rana ko a raba shi biyu, kuma kwana 28 ake yi ba fashi duk da cewa karen kan miƙe ya fara cin abinci tun kwana biyu ko uku. Amma ga mage akwai wani ɗan sirri da ba kowa ke faɗa ba. In ka tura mata ƙwayar ko kafson a bushe yana iya maƙalewa a hanyar abinci, ya narke a nan ya ƙona wurin, bayan 'yan makonni wurin ya tsuke ta riƙa dawo da duk abin da ta haɗiya. Maganin abin kawai ka bi shi da ruwa wajen mil 5 ko 6 a sirinji marar allura ta gefen baki a hankali, ko ka ba ta ɗan abinci mai laushi nan take. Abu ne na minti ɗaya. Masu kiwon zomo da ɓeran Masar kuma su ji da kyau, amoksisilin ko kilindamaisin ta baki na iya kashe su, saboda hanjinsu da wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ya dogara, in maganin ya share su sai mugaye irin Clostridium su mamaye wurin su saki guba.

Wannan dalilin ne ma ya sa babbar saniya ba kasafai ake ba ta antibayotik ta baki ba. Tumbinta ai tukunyar bakteriya ce, su ke narka mata ciyawa, ka zuba musu maganin kashe bakteriya kaga ka kashe ma'aikatan gidan, ga shi kuma maganin zai ɓace a cikin lita sama da ɗari na abin da ke ciki. Maraƙi ɗan shan nono da tumbinsa bai fara aiki ba shi daban ne, amma shi ma in tetrasaiklin ne aka haɗa da madara, sinadarin kalsiyam na kama wani kaso ya hana shi shiga jini. Kuma hanyar allurar ma ba a canza ta da son rai. Fenisilin mai kauri fari ɗin nan na tsoka ne, a girgiza shi sosai kafin a zuƙa, ba a sa shi a jijiya ko kusa. Tilmikosin kuma ƙarƙashin fata kaɗai ake yi wa shanu, ba a yi wa masu ba da madara, kuma shi wannan mutum ma yake kashewa, an samu waɗanda suka mutu bayan allurar ta soke su bisa kuskure saboda zuciya yake bugawa. Ba maganin da za a sa a aljihu a shiga tsakanin shanu ba ne.

Duk wannan lissafin fa yana da amfani ne in bakteriya ce ta kawo ciwon tun farko. Nan ne gaskiya nake ganin aka fi ɓarnar magani. Murar kyanwa, mai atishawa da hawaye, akasari bairas ne ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa bairas, sai dai in majina ta yi kauri ta koma rawaya ko kore, ga zazzaɓi ga ƙin abinci, likita ya ga bakteriya ta hau kai. Matashiyar mage mai yawan tsugunno tana fitsari kaɗan-kaɗan da jini, mafi yawansu babu bakteriya a mafitsarar, in kuma namiji ne ya kasa fitsarin gaba ɗaya toh toshewa ce, ta gaggawa ce, ƙwaya ba za ta buɗe shi ba. Karen da ya ci wani abu a bola ya yi gudawar kwana ɗaya yana wasansa yana shan ruwa, yawanci da kansa yake warwarewa, amma sai ka ga an ɗora shi kan metronidazol, wanda in ya yi yawa ko ya daɗe har tangaɗi da karkacewar kai yake sa wa. Maruru mai cike da mugunya kuma ko wane irin awo ka yi maganin ba ya ratsa mugunya da kyau, sai an fasa an wanke. Tamomita, ma'aunin zafin jiki, dai ita ce abokiyar farko, saniya lafiyayya tana wajen 38 zuwa 39.3, kare da mage ma kusan haka, 38 zuwa 39.2. Amma zazzaɓi shi kaɗai bai ce bakteriya ba ce.

Bari in daɗe kaɗan a kan ciwon hantsa, don a garken madara shi ne ke cinye mafi yawan antibayotik. Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane da ƙofarsa, ciwon kan kama ɗaya ya bar sauran. Alamar farko gudaji ne a madara ko ta tsinke ta zama ruwa-ruwa, sai kumburi da zafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba duk gudaji ke son magani ba. In aka ɗebi samfur aka shuka a ɗakin gwaji, kaso mai yawa ba ya tsirar da komai, jikin saniyar ya riga ya gama da ƙwayar cutar, ragowar yaƙin ne kake gani. Wanda bakteriyar E. coli ta kawo in mai sauƙi ne shi ma sau da yawa da kansa yake tafiya. Streptococcus agalactiae kuwa tana jin fenisilin sosai, magani na biyan kuɗinsa a kanta. Ita kuma Staphylococcus aureus 'yar buya ce, tana shigewa can cikin naman hantsa ta yi ƙananan ƙuraje ta kewaye kanta, a tsohuwar saniya da ta daɗe da ita sai ka yi ta zuba tub bayan tub, wato ɗan bututun maganin da ake matsawa ta kan nono, madara ta washe, bayan sati biyu ciwon ya dawo, irin wannan wani lokacin shawarar gaskiya ita ce a ware ta a riƙa tatsarta a ƙarshe ko a fitar da ita daga garke. Shi yasa manyan gonaki da dama yanzu in saniyar na ci tana sha ba zazzaɓi, sai su ɗebi samfur su jira kwana ɗaya su ga me ya tsiro kafin su taɓa tub. Amma in ta kwanta, kunnuwa sun yi sanyi, ido ya faɗa, abin da ke fita daga nonon kamar ruwan shayi, wannan babu jira, guba ce ta shiga jini, ruwa take buƙata da maganin kumburi da allura, a nemo likita a daren.

Sa tub ɗin ma akwai yadda ake yi. A tatse ɗakin tas, a goge bakin kan nonon da auduga mai sifirit har sai audugar ta fito fes, a sa bakin tub ɗin ɗan kaɗan, milimita 2 ko 3 ya isa, ba a zura shi duka ba don kar a tura dattin ƙofa zuwa ciki, tub ɗaya ɗaki ɗaya, in an gama a tsoma kan nonon a ruwan aidin. Masu zuƙo maganin allura daga kwalbar da aka yi ta sokawa su ɗura a hantsa kuwa suna iya shigar da yis, wani nau'in naman gwari, ko wata ƙwayar da babu antibayotik ɗin da zai taɓa ta. Kuma tub iri biyu ne, akwai na saniyar da ake tatsa, akwai na wadda aka daina tatsa don ta huta kafin haihuwa, hutun da yawanci kwana 60 ne. Na biyun an yi shi ne ya zauna makonni a ciki. In ka kuskure ka sa shi ga wadda ake tatsa toh ka yi sallama da madararta na tsawon lokaci.

Wanda ya kawo mu kan abin da ya bambanta saniya da kare. Karenka in ya warke magana ta ƙare. Saniya kuwa abin da ka sa mata yana biyo madara ya shiga kofin wani. Kowane magani da aka yi wa rajista don dabbar da ake ci ko ake sha yana da kwanakin jira a rubuce, na madara daban na nama daban, kuma ba ƙaƙale ba ne, an auna ne an ga lokacin da ragowar ke sauka ƙasa da iyakar da aka yarda. Ga fenisilin iyakar a Tarayyar Turai maikurogiram 4 ce a kilo ɗaya na madara, maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram. Don ka gane ƙanƙantar abin, miligiram 4 kacal sun isa su kai lita 1,000 bakin iyaka, alhali tub ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan miligiram a wasu nau'o'in. Saniya ɗaya da aka manta aka tatsa cikin sauran tana iya ɓata tanki guda. Tafasawa ba ta raba ka da shi, zafi na kashe ƙwayoyin cuta ne amma yawancin ragowar maganin na nan. Masu yin yogot da cuku su suka fi saurin ganewa, don bakteriyar da ke sa madara ta yi tsami ta kama ita ma mutuwa take, sai a wayi gari abu ya ƙi kamawa. Ga mai borin jini da fenisilin kuma abin ya wuce asarar kaya. Kuma ko ɗaki ɗaya ka sa wa tub, madarar duka huɗun ake zubarwa, saboda maganin na shiga jini ya zagayo. Ba wa 'yan maruƙa ita ma ba mafita ba ce mai tsabta, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta duba wannan a 2017 ta ga yana ƙara yawan ƙwayoyin cuta masu jure magani a kashinsu.

Ga wani tarko kuma. Kwanakin jiran da ke jikin kwalba na aiki ne kawai in ka bi awon da ke jikin kwalbar, ta hanyar da aka ce, na kwanakin da aka ce. A Amurka misali, awon da ke kan tsohuwar takardar fenisilin ta shanu yunit 6,600 ne a kowane kilo (shi da yunit ake auna shi maimakon miligiram) da jiran awa 48 na madara, amma likitoci da yawa na ganin wannan ya yi kaɗan a yau suna rubuta wajen 22,000. In an yi haka awa 48 ɗin nan ta tashi daga aiki, likitan ne zai ba da sabon wa'adi mai tsawo. Haka in ka tara mil da yawa a gurbi ɗaya, ko saniyar ƙodarta ko hantarta ba lafiya, fitar maganin na jinkiri. Jentamaisin in aka yi wa saniya allurarsa yana maƙalewa a ƙoda har ana ba da shawarar jiran wata 18 kafin yanka. Kuloramfenikol kuwa ƙasashe da yawa sun haramta shi gaba ɗaya ga duk dabbar da za a ci ko a sha madararta, don ko ɗan kaɗan ne yana iya tsayar da ɓargon wasu mutane daga yin jini, kuma ba a iya sanin wa zai faɗa wa. A ɗaya gefen akwai seftiyofo wanda wasu nau'o'insa ba su da jiran madara ko na awa ɗaya in an bi takarda, shi yasa masu gona ke sonsa kamar me, amma danginsa na cikin waɗanda asibitocin mutane ke ji da su don cututtuka masu tsanani, ni dai ban ga hikimar mai da shi na farko a kan kowane ɗan ɗingishi ba don kawai kar a zubar da madara.

Kwana nawa za a yi ana bayarwa? Da can amsar ita ce a yi ta yi, gara ya yi yawa. Yanzu an gane tsawaitawa ba dalili ita ma tana horar da ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a hanji da fata. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa na dabbobin gida ta fitar a 2019 sun ce ciwon mafitsara mai sauƙi a kare kwana 3 zuwa 5 ya isa, inda da ake yin sati ɗaya zuwa biyu. Amma ciwon fata mai zurfi ko na ƙashi makonni yake ci. Wato ba kai za ka yanke ba don ka ga dabba ta miƙe, ba kuma za ka ƙara sati ba don kwalba ba ta ƙare ba. Abin da ke hannunka shi ne lura, in an yi kwana 2 zuwa 3 a kan cikakken awo babu wani sauyi, ƙara mil ko haɗo wani maganin a kai ba shi ne ba, ko dai ba bakteriya ba ce, ko ba maganinta kenan ba, ko maganin ba ya isa wurin, a koma a sake dubawa a yi gwaji.

Hukumomi ma sun daina kallon abin a matsayin harkar mai dabba shi kaɗai. Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006, daga Janairun 2022 kuma ta hana bayar da shi haka kawai a matsayin riga-kafin yau da kullum, abin da ya sa gonaki da yawa suka daina sa wa kowace saniya tub a lokacin hutun tatsa sai wadda gwaji ya nuna tana da ciwo. Amurka daga Yunin 2023 ta mai da ragowar waɗanda ake saya kai tsaye sai da takardar likita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu jure magani. Ba duka daga dabbobi ba, ko kusa, amma karen da ke kwana a ɗakinka yana lasar hannun yaranka kuna musayar ƙwayoyin cuta da shi ko kun so ko ba ku so ba.

Abu ɗaya da nake ganin ana yawan tuntuɓe a kansa ko bayan an yi komai daidai shi ne ƙirgen wa'adin. Daga allura ko tub na ƙarshe ake fara ƙirgawa, ba daga na farko ba, kuma da awa ake yi ba da "kwana kamar huɗu" ba. In takarda ta ce awa 96, ka sa tub na ƙarshe ranar Talata ƙarfe shida na yamma, toh sai Asabar ƙarfe shida na yamma wa'adin ya cika, tatsar safiyar Asabar ɗin ma ta zubarwa ce. A ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafar baya ko a shafa mata fenti a hantsa tun kafin a soka allurar farko, don mai tatsar asuba ba lallai shi ne ya yi allurar dare ba, a tatse ta a ƙarshe a bokiti daban, a rubuta sunanta ko lambarta, sunan maganin, mil nawa, ƙarfe nawa, da ranar da madararta za ta koma cikin ta sauran.